Damisar da Ba a Gani Ba: Sharhi a kan Littafin The Snow Leopard na Peter Matthiessen

Gabatarwa

Labarin tafiya ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Tun daga tarihin Dorugu, wanda J. F. Schön ya rubuta daga bakinsa ya buga a cikin Magana Hausa a 1885, har zuwa Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, mutanenmu sun saba fita su ga duniya su komo su ba da labari. Don haka ba laifi idan muka ɗauko littafin tafiya na wata al'umma muka auna shi, domin mu ga abin koyi da abin gudu. Littafin da za mu duba shi ne The Snow Leopard, watau Damisar Ƙanƙara, na Ba'amurke Peter Matthiessen, wanda aka buga a 1978, ya kuma ci babbar kyautar littattafai ta Amurka a 1979. Tambayar da za mu yi masa ita ce: wane matsayi ya ba mutanen da suka nuna hanya suka ɗauki kaya?

Taƙaitaccen Labari

A ƙarshen watan Satumba na 1973 Matthiessen ya tashi daga garin Pokhara na ƙasar Nefal tare da George Schaller, masanin dabbobin daji. Sun nufi Dolpo, wani yanki mai wuyar shiga a bayan duwatsun Himalaya, daura da iyakar Tibet, tafiyar kimanin mil 250 a ƙasa. Buƙatar Schaller ita ce ya nazarci wata dabba da ake kira bharal a lokacin barbararta, don ya gane ko ta fi kusa da tunkiya ko da akuya. Shi kuwa Matthiessen yana fatan ganin damisar da ke farautar wannan dabba, ga kuma wani nauyi a zuciyarsa: matarsa ta rasu da ciwon daji a 1972, ya kuma baro ɗansa mai shekara takwas a gida.

Ayarin ya bi ta Dhorpatan da Tarakot, ya wuce ƙauyen Ringmo a gaɓar tafkin Phoksundo, ya haye mashigin Kang La mai tsayin fiye da mita 5,000, sannan ya sauka a Shey, inda akwai tsohon gidan ibadar mabiya Buddha, a farkon Nuwamba. Marubucin ya yi fiye da mako biyu a nan. Ya ga bharal, ya ga kyarkeci na farautarsu, ya ga sawun damisa da kashinta, amma ita kanta bai sa ta a ido ba. Sai bayan sun rabu ne Schaller ya gan ta.

Zubi da Salo

An kasa littafin kashi huɗu, kowane babi kuma yana ɗauke da kwanan wata, tamkar littafin da matafiyi ke rubuta abin da ya same shi kullum. Wannan zubi ya dace da jigon ƙwarai, domin mai karatu ba ya sanin abin da gobe za ta haifar, kamar yadda matafiyan ba su sani ba. Ruwan sama ya tsare su, ƙanƙara ta toshe hanya, guzuri ya ragu, duk mai karatu yana jin su a jikinsa bi da bi.

A fagen siffantawa kuwa, dole a sara wa marubucin. Ba ya cewa tsuntsu kawai, sai ya faɗi irinsa da launinsa da inda ya sauka. Wannan darasi ne ga marubutanmu da kan wadatu da cewa wuri yana da ban sha'awa, su bar mai karatu da hamma. Haka nan ya yi gaskiya game da kansa: bai ɓoye fushinsa da tsoronsa a bakin kwazazzabo ba, bai kuma ɓoye kunyar saɓa alkawarin ranar komawa da ya yi wa ɗansa ba. Inda salon ya yi rauni shi ne wuraren da ya ajiye tafiya ya shiga dogon bayani a kan addinin Buddha da falsafa. Wasu daga cikinsu na da amfani, amma da yawa sun tsinke zaren labari.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne dangana. Mutum ya sha wuyar tafiyar wata da watanni don ya ga abu, bai gani ba, ya kuma koyi ya yarda da rashin ganin. Marubucin ya ƙarfafa wannan da labarin malamin addinin Shey, wanda ciwon gaɓɓai ya nakasa, ba shi da halin barin duwatsun, amma aka same shi cikin fara'a. Bahaushe ba zai rasa fahimtar wannan ba, tun da ya san rabo da haƙuri. A nan littafin ya ci nasara, kuma wannan ne ya sa har yau ake karanta shi.

Masu Ɗaukar Kaya

Sai dai akwai wani rashin gani da marubucin bai yi dogon tunani a kansa ba. Turawa biyu ba su isa Shey da ƙarfinsu ba. Akwai Jang-bu, shugaban ma'aikata kuma tafinta, akwai Phu-Tsering mai dafa abinci, akwai Dawa da Gyaltsen da Tukten, dukkansu 'yan ƙabilar Sherpa. Bayansu kuma ga 'yan dako da ake ɗauka a wani ƙauye a sallama a wani. A ayarin fatake na ƙasar Hausa, madugu da jagaba su ne tafiya, sunansu ake ambata idan an komo. A wannan littafi kuwa 'yan dako sun fi bayyana a ranar da suka makara, ko suka nemi ƙarin lada, ko suka ajiye kaya suka juya gida. Mutumin da aka ce ya hau ƙanƙara da kaya a gadon baya, ba wadataccen takalmi, hasken ƙanƙara na cin idonsa, idan ya ƙi gaba yana da hujja. Marubucin yakan tausaya, amma hujjar ba mu ji ta daga bakin mai ita ba.

Tukten shi ne ya fi samun fili, kuma a kansa ne matsalar ta fi fitowa. Abokan aikinsa ba su amince da shi ba, suna yi masa kallon mutumin banza. Matthiessen kuwa ya ga natsuwarsa da rashin ƙorafinsa, sai ya ɗauke shi a matsayin ɓoyayyen waliyyi da aka aiko ya karantar da shi. Da shi ya komo har Jumla, kuma littafin ya ƙare da marubucin yana jiransa a wurin ibada na Bodhnath a Katmandu, bai zo ba. Ƙarshe ne mai daɗin karatu, domin Tukten ya zama damisa ta biyu da ta ɓace. To, amma mutum ba ishara ba ne. Mun rufe littafin mun san abin da Tukten yake nufi ga Matthiessen, ba mu san abin da tafiyar take nufi ga Tukten ba. Girmamawar da ta mayar da mutum alama, ita ma wata hanya ce ta rufe masa baki.

Haka abin yake ga ƙauyuka. Mutanen Dolpo fatake ne, suna ɗora gishirin Tibet a kan shanunsu masu gashi da ake kira yak, su kai kudu su musanya da hatsi, kwatankwacin ayarin da ke ɗauko gishirin Bilma. Marubucin bai ji harshensu ba, sai ta tafinta, ya kuma isa Shey bayan mafi yawan mazaunanta sun ƙaura saboda hunturu. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji masu iya magana. Laifin bai kai na wanda ya yi ƙarya ba, amma ya kamata mai karatu ya san iyakar abin da aka ba shi.

A nan ne Dorugu yake da abin faɗa. Heinrich Barth ya rubuta tafiyarsa cikin manyan littattafai biyar, inda Dorugu yake yaro mai hidima. Da yaron ya sami mai rubuta maganarsa, sai ga wata tafiya dabam ta fito daga cikin waccan, har Turawan da kansu suka zama abin kallo. Irin wannan murya ta biyu ce babu a The Snow Leopard.

Kammalawa

Dolpo ta sauya tun daga 1973. A 1984 aka mayar da yankin Shey da Phoksundo gandun daji na ƙasa, a 1999 kuma fim ɗin Himalaya na Eric Valli ya nuna mutanen Dolpo suna magana da harshensu a kan ayarin gishiri. Masu yawon buɗe ido sun bi sawun Matthiessen da takardar izini da ɗan jagora, da yawansu da littafinsa a jaka, saboda haka yadda ya kalli 'yan dako ya zama yadda su ma za su kalle su.

Ra'ayinmu shi ne littafin ya cancanci a fassara shi da Hausa, domin kaifin idonsa da gaskiyar marubucin game da kansa. Amma duk marubucinmu da zai hau tsaunin Mambila ko ya ratsa gandun Gashaka Gumti da ɗan jagora a gabansa, ya tuna ya tambayi sunan wanda ya ɗaukar masa kaya, ya zauna ya ji labarinsa, ya kuma ba shi shafi a cikin littafin.