Azurfar Atina, Ƙurar Arlit

A lakkwal an koya mana Atina ce uwar dimokuraɗiyya. Da na karanta wasan Eshil, "Farisawa", na shekarar 472 kafin haihuwar Annabi Isa, sai na ga giɓi. Ya yabi 'yancin Atina da azurfarta. To, wa ya haƙo azurfar a ramukan Loriyon? Dubban bayi. Da kuɗinta aka ƙera jiragen ruwan da suka ci yaƙin Salamis a 480. Eshil ya tausaya wa abokan gaba, na yaba masa. Mahaƙa kuwa ko ambato babu. 'Yan uwa, mu da iyayenmu suka haƙo yuraniyom a Arlit da Akokan, ai mun san shirun nan. In ba mu rubuta labarinsu ba, wa zai rubuta?