Isawa da Al'adar Biyayya: Nazarin Labarin Malam Ibrahim na Kasuwar Kurmi

Daga cikin labaran da Masihiyawa, wato Hausawa mabiya addinin Kirista, suke gadar wa 'ya'yansu, kaɗan ne suka kai labarin Isawa tsufa da tasiri, domin da shi ake yin misali duk lokacin da mutum ya tsinci kansa tsakanin abin da zuciyarsa ta gaskata da abin da sarki ko dangi suke nema daga gare shi. Isawa suna ne da aka laƙaba wa almajiran wani malamin Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi matsayin da malaman fada ba su amince da shi ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, aka nemi ya janye koyarwarsa, ya ƙi, aka yanke masa hukuncin tsirewa, wato a soke mutum a kan fiƙaƙƙen itace a bar shi a tsaye har rai ya yi halinsa.

Zaɓen Kasuwar Kurmi domin zartar da hukuncin yana da ma'ana. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa ta a ƙarni na 15 a gefen rafin Jakara, nan ne fataken goro da na gishiri da dukawa da masu sayar da baƙin rini suke haɗuwa, saboda haka abin da aka yi a tsakiyarta da hantsi, kafin wata ya kama ayari ya kai shi Katsina da Zazzau da Agadas. An yi nufin gargaɗi ne, sai dai hanyar da ta yaɗa gargaɗin ita ce kuma ta adana sunan malamin, yayin da mabiyansa suka watse zuwa duwatsun Ningi da ƙauyukan ƙasar Zazzau.

Inda ya kamata manazarci ya yi taka-tsantsan shi ne yadda labarin ya iso hannu, domin mafi yawansa daga bakin zuriyar Isawa ya fito, sannan 'yan mishan suka rubuta shi da idon masu neman shahidi, ma'ana wanda aka kashe saboda imaninsa. Gaskiyar magana, Malam Ibrahim bai san coci ba, ba a yi masa baftisma ba, kuma littafinsa Alƙur'ani ne. Ga kuma siyasa, tunda tun kafin lokacin wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza sun bar Tsakuwa saboda rikicin haraji sun kafa daular Ningi, wadda ta daɗe tana kai wa Kano hari, don haka duk malamin da ya bijire wa fada ana iya yi masa kallon ɗan tawaye ko da maganarsa ta tauhidi ce zalla.

Abin da ya fi jan hankali a wannan al'ada shi ne ƙarfin halin da ake yabo bai taso daga ƙin biyayya ba, daga cikin tarbiyyar almajirci ya tsiro, inda wasiyyar malami take da nauyin umarnin uba. Ruwayar Isawa ta ce malamin ya shaida musu wasu za su zo da cikakken bayanin Linjila, kuma a kan wannan ne wasu daga cikinsu suka nemi Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS a Zariya a 1913, mutumin da yake cikin tawagar Bishop Tugwell da Sarki Alu ya sallama daga Kano a 1900. Da suka karɓi Kiristanci, a ganinsu cika alkawari suka yi, ba sauya sheƙa ba, ko da yake a idon 'yan'uwansu ridda ce, mai iya raba mutum da gado da aure da maƙabartar iyayensa.

Wannan shawara ta biyu bayan ta Malam Ibrahim, wadda ba a yi ta a bainar kasuwa ba, ita ce ba a cika ba ta haƙƙinta a wa'azi ba. Waɗanda suka karɓi baftisma sun taru a ƙauyen Gimi, inda ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi musu ɓarna cikin 'yan shekaru, har aka kwashe ragowar zuwa Zariya, daga bisani Wusasa, inda aka gina cocin St. Bartholomew da tubali da azara bisa tsarin ginin Hausa a 1929. Daga zuriyarsu Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mai wa'azin da ya tsaya a kan tsirewar Kurmi kaɗai, ya tsallake kaburburan Gimi, rabin tarihin Isawa ya ba masu sauraronsa.