Jinjina ga Kakanni Masu Tatsuniya

A Gidan Sori da ƙauyukan Gobir na yankin Maraɗi, lokacin da ya fi tsanani shi ne tsakiyar damina: rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, yara sun wuni suna taya noma. A irin wannan dare ne gwanintar kaka ke fitowa. Takan shimfiɗa tabarma bayan isha, ta maƙale murya ta kwaikwayi tsamin bakin Gizo, ta sa Ƙoƙi ta yi masa faɗa, ta ja waƙa yara su amsa. Kafin a kai ƙurunƙus, yaron da ya zo yana ƙorafin tuwo ya yi kaɗan ya shagala da dariya.

Wasu na cewa tatsuniya ƙarya ce kawai. Amma mai ɗauke da kaya dole ya sauke ya huta, kuma yaro na tashi da darasi: ƙaramin Gizo kan kayar da kura da dabara, kwaɗayi kuma kan kayar da shi.

Tun 1911 wani mai suna Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyin Hausa a littafi, amma takarda ba ta iya kwaikwayon murya. Yau da waya ke janye yara, iyaye su riƙa tura su ɗakin kaka.