Shayin Mambila, Ja Wur Daga Saman Dutse

Duk wanda ya ce Najeriya ba ta da shayin kanta, to bai taɓa kurɓar Highland Tea ba. Ni kam wallahi na kamu, kuma a nan Orozo ta Abuja babu wanda muke hulɗa da shi da ban cika wa kunne da zancensa ba.

Ku fara da launinsa. A zuba tafasasshen ruwa, a rufe kofi minti uku zuwa huɗu, a buɗe: ja ne wur mai duhu, kamar manja a cikin kwalba idan rana ta haske shi. Ƙamshinsa yana riga kofin isowa hannu. Kurɓar farko za ka ji nauyinsa a kan harshe, ya cika baki, da ɗan bauri mai daɗi wanda ba ya kaiwa ga ɗaci, sannan bayan ka haɗiye wani zaƙi na ganyen kansa ya biyo baya ko da ba ka sa sukari ba. Shi ya sa na fi son sa a ruwan bunu. Amma masu son kauri ma ba za su yi asara ba, domin madara ba ta kashe shi. Shayi da yawa da zarar an tsiyaya musu madarar gwangwani sai su koma fari fat, salam. Wannan kuwa yana riƙe jansa da ƙarfinsa.

Sirrin yana wurin da ganyen ya fito. A Kakara ake nomansa, kan tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,600 daga teku. Bayan an wuce Serti mota take fara hawa, hanya tana naɗewa jikin dutse har a ɓulla sama, a tarar da ciyawa kore shar, da shanun Fulani, da hazo da sanyin da ke sa mutumin Abuja neman rigar sanyi. A irin wannan sanyi itacen shayi ba ya saurin toho. Ganyen yana girma a hankali, yana tara ɗanɗano, kuma wannan ne dalilin da ya ɗaga sunan shayin Kericho na Kenya da na Darjeeling a Indiya. Masu tsinka suna zaɓen ganye biyu na sama da tohon tsakiya, a kai masana'anta a shanya ya yi yaushi, a murƙushe, a bar iska ta juya launinsa, a busar. Jan nan da kake gani a kofi a wannan shan iskar aka same shi.

Kuma duk wannan a ƙasarmu! Abin da ke taɓa zuciyata ke nan.

Na taɓa miƙa wa wani mai shayi a bakin titin da ya wuce Karshi ganyen, na ce, "Malam, don Allah da wannan za ka haɗa mini." Ya jiƙa, ya shiƙa tsakanin kofi biyu, hannu sama hannu ƙasa, kumfa ta taso ja-ja. Kafin ya miƙo sai da ya ɗan sunsuna, ya ce, "Alhaji, ina ake samun wannan?" Direbobin da ke zaune a benci, masu jiran fasinjan Nyanya, kowa ya ce a ɗana masa.

Shawarata ga wanda zai gwada: kada a bar shi yana ta tafarfasa a buta, baurin zai yi yawa. Citta kaɗan tana yi masa kyau, kanumfari kuwa guda ɗaya ya isa, don kada ya danne ƙamshin ganyen. Idan mai shagon unguwarku ba ya da shi, ku tambaya, gobe ku sake tambaya, har ya saro kwali.