Hikimar Shirme: Tsokaci Kan Wasannin Tashe

Wasu manazarta wasan kwaikwayon Hausa sukan ɗauko tarihinsa daga rubutattun wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, su ajiye tashe a sahun wasan yara. A ganinmu ba a yi wa tashe adalci ba. Ya tattara waƙa da kiɗa da shiga da kwaikwayo, kuma kowace shekara, da azumi ya kai kwana goma, sai ya dawo, babu marubuci babu dandamali.

Me ya raya shi haka? Shirmensa ne. Yaro ya liƙa gemun auduga, ya dogara sanda, ya zama tsoho. Wani ya rataya layu da saiwoyi, ya zama Jatau mai magani. A Kano kuwa, Nalako yakan bi gwauraye da kiɗa da zolaya. Abin da kunya ta hana a faɗa wa babba, sai a rera masa shi cikin raha, ya yi dariya, har ya ba da tukuici. Irin dabarar da Gilbert da Sullivan suka yi ke nan a Ingila cikin 1885 da The Mikado, inda suka sanya wa mahukuntan ƙasarsu tufafin Japan domin su samu bakin zolayarsu.

Saboda haka muna kira ga Hausawan Mile 2 Diobu a Fatakwal, da na Anacha da Inugu, da su riƙe wa 'ya'yansu tashe. Al'ummar da ta rasa shi ta rasa ladabtacciyar hanyar gaya wa manya gaskiya.