Waƙa Guga Ce, Ba Rijiya Ba

Akwai wata muhawara da ta daɗe tsakaninmu ɗalibai, wato ko waƙa tana iya buɗe wa mutum idon zuci, ko kuwa wannan aikin Alƙur'ani ne shi kaɗai. Ina so in faɗi nawa ra'ayin, in kafa hujja da abin da kowa ke ji da kunnensa a cikin birnin Kano.

Masu kushe waƙa sukan kawo ƙarshen Suratus Shu'ara'i, inda aka zargi mawaƙa. Amma sukan tsaya a aya ta 226, su bar ta 227, wadda ta keɓe mawaƙan da suka yi imani, suka aikata na ƙwarai, suka yawaita ambaton Allah. Ai Hassanu ɗan Sabitu mawaƙin Annabi ne, Ka'abu ɗan Zuhairu kuwa mayafi ya samu saboda ƙasidarsa. Ashe ba waƙar aka hana ba, inda ta nufa ake dubawa.

To, mu dubi Ishiriniya, yabon Annabi wanda Alfazazi, mutumin Andalus, ya tsara. Ya rasu a 1230, amma har yau in watan Maulidi ya kama, zaurukan Madabo da Kabara da Koki sai su ɗauka, har zuwa Takutaha. Kowane harafi baiti ashirin gare shi, Larabcin kuwa mai tsauri ne ƙwarai. Da yawa daga masu rera ta ba su san ma'anarta ba, duk da haka za ka ga hawaye. Wannan shauƙi ne, kuma ban raina shi ba. Sai dai shauƙi daban, basira daban. Shi ya sa malaman zaure suke zaunar da almajiri su fassara masa ita kalma kalma, kamar yadda Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya yi shekaru yana warware wa jama'a Alƙur'ani da Hausa a fadar Sarki cikin azumi.

A nan ne nake ganin fifikon Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi, makahon Zariya, wadda mabarata suka yaɗa a Kasuwar Kurmi da ƙofar gidaje. Ba ta kawo sabon hukunci ko ɗaya ba. Mutuwa da kabari da ruɗin duniya duk nassi ya riga ya faɗa. Abin da Namangi ya yi shi ne ya sa mai sauraro ya ga kansa a cikin zancen, da harshen da ya tashi da shi. Matar da ke daka a tsakar gida takan dakata, domin ta ji da ita ake. Sanin da ke kwance a ka ya sauko zuci ke nan. Dabarar da Nana Asma'u ta yi amfani da ita ke nan a ƙarni na 19, da ta riƙa tura jajis da waƙoƙi wurin matan karkara.

Amma ba kowace waƙar wa'azi ce ta kai nan ba. Wasu jerin azabobin wuta ne kawai, sun razana mutum ba su nuna masa halinsa ba. Tsoron da babu tunani a cikinsa kan wuce da wayewar gari.

Mu ma 'yan jami'a da namu laifin. Mukan ɗauko irin waɗannan waƙoƙi mu ƙidaya ƙafafu, mu fitar da kari da amsa-amo, mu ci jarrabawa, ba mu taɓa tambaya ko mawaƙin ya cim ma abin da ya sa shi waƙar ba.

Ni dai a ganina Alƙur'ani ne rijiya, waƙa kuwa guga. Guga ba ta haifar da ruwa, amma da ita mai ƙishirwa da yawa ya sha. Aikin manazarci shi ne ya duba ko gugar ta taɓo ruwan, ko kuwa ƙara kawai ta yi a jikin bango.

Allah ya ba mu fahimta, amin.