"Limamin Coci": Kalma Ɗaya da Ta Haɗiye Kujera Uku

Ranar Litinin 21 ga Afrilu 2025 ina zaune wajen mai shayi kusa da tashar manyan motoci a Malanbil. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 2023, zaman teburin shayi ya yi tsawo, domin direbobi da 'yan dako ba su da inda za su. Rediyon mai shayin ne ya kawo labarin rasuwar Fafaroma Faransis. Mai karanta labarin ya kira shi shugaban Kiristocin duniya, ya ƙara da cewa manyan limaman coci za su taru su zaɓi wani.

Wani dattijo mai sayar da albasa ya juya ga maƙwabcina, bakanike ne mutumin kudu, ya yi masa ta'aziyya: "Sannu da rashi, Allah shi ba ku haƙuri. Shugabanku ya tafi." Bakaniken ya amsa da ladabi: "Na gode, Baba. Amma ni ɗan Sele ne, Fafaroma ba ya shugabantarmu." Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce: "To ku wa ke naɗa limaminku?"

Tambayar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba da dattijon nake ba, shi abin da ya ji ya maimaita. Da mu nake, masu rubutu da fassara da karanta labarai da Hausa, kan yadda muka ɗauki kalma ɗaya, "limami", muka jibga mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

A kunnen Bahaushe, limami shi ne wanda ya fi jama'a karatu ko ya yi daidai da su, suka yarda da halinsa, suka sa shi gaba. Ko da sarki ne ya naɗa shi, idan ya makara ladan ko wani almajiri zai ja salla, kuma sallar ta yi. Da zarar ka ce "limamin coci", wannan hoton mai sauraro zai gani. Alhali a ɗan garin nan namu akwai hanya uku mabambanta da mutum ke bi ya hau kujerar shugabancin ikkilisiya, kuma mabiyan kowace hanya ba su yarda sauran biyun sun cika ba.

Hanya ta farko ita ce ta Katolika. Fadan da ke Malanbil ba jama'arsa suka zaɓe shi ba. Bishop ne ya ɗora masa hannu ya keɓe shi, bishop ne ya turo shi, shi ne kuma zai iya ɗauke shi. Muna ƙarƙashin yankin Kandi, wanda aka yanka daga Paraku a 1997. Marcel Agboton ne bishop na farko, Clet Feliho ya biyo shi a 2000. Shi kuma bishop wasu bishop-bishop ne suka ɗora masa hannu da izinin Fafaroma. Tun taron Nikiya na shekarar 325 aka kafa cewa kada su gaza uku. Su ma wasu ne suka ɗora musu, haka abin ke komawa baya, a imaninsu, har ya tuƙe ga almajiran Yesu. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yadda aka cike gurbin Yahuza da Matiyas, kuma wajen shekarar 180 Irinewus, bishop na Liyon, ya jera sunayen bishop-bishop na Roma ɗaya bayan ɗaya don ya nuna cewa koyarwar ba ta yanke a hanya ba.

Wanda ya taɓa zama a zawiya ya san wannan tunani. Muƙaddami ba ya ba da wuridi sai da izini, kuma yakan iya lissafa maka daga wa ya karɓa, shi ma daga wa, har zuwa shehun ɗarikar. Muna da kalmar a hannu: silsila. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun yi dacen cewa "ɗarikar Katolika", amma muka tsaya a bakin ƙofa, ba mu ɗauko "silsila" da "izini" waɗanda su ne za su bayyana yadda ɗarikar ke tafiya ba. Ban ce abu ɗaya ne ba. A wurin Katolika ɗora hannun ibada ce mai tsarki da ke ba mutum ikon da ba shi da shi jiya, ba shaidar karatu ba ce kawai. Amma kwatancin ya fi "limami" kusa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Kuma ɗan Benin bai kamata a ba shi labarin wannan silsila kamar abin wata duniya ba. Bernardin Gantin, wanda ya zama babban bishop na Kwatano a 1960, shi ne ya riƙe ofishin Batikan mai kula da naɗin bishop-bishop daga 1984 zuwa 1998. A 1988, da Marcel Lefebvre ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Fafaroma ba, Gantin ne ya sa hannu a takardar da ta bayyana cewa sun fita daga zumuncin cocin. Kabarinsa na Wida. Da mai labarai ya san wannan, da ya samu misali na gida da zai yi wa mai albasa bayani cikin numfashi biyu.

Hanya ta biyu ita ce ta ikkilisiyoyin bishara, irin waɗanda suka tsiro daga aikin 'yan mishan na SIM: UEEB a nan Benin, EERN a Nijar, ECWA a Najeriya. Su ba su jingina ikon fasto da jerin hannaye ba. Mutum ya ji kira, ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki, ikkilisiya ta gwada shi, sannan a keɓe shi. Akwai dattawa da ke riƙe da al'amuran kowace majami'a, shugaban ƙungiya kuwa da ƙuri'a ake zaɓensa, yana da wa'adi, ya gama ya sauka. A ganinsu, gadon manzanni yana cikin riƙe abin da suka koyar yadda yake a rubuce, ko da ba wanda zai iya lissafa wa ya ɗora wa wa hannu. A nan ne kawai "limami" ya ɗan yi kusa, shi ma bai kai ba.

Hanya ta uku ita ce ta maƙwabcina bakanike, masu fararen riguna da ba sa sa takalmi idan sun sa su. Samuel Oshoffa, kafinta ne, ya kafa cocin Selestiyal a Porto-Novo ranar 29 ga Satumba 1947, bisa wahayin da ya ce an yi masa. Ba bishop da ya naɗa shi, ba ƙuri'ar da aka kaɗa. Ikonsa daga kiran da mabiyansa suka gaskata ya fito. Matsalar irin wannan iko ita ce ranar da mai shi ya kwanta dama. Oshoffa ya rasu a Legas ranar 10 ga Satumba 1985 bayan haɗarin mota. Tsarin mulkin cocin na 1980 ya rataya zaɓen magaji a kan wahayi ta bakin wanda ya kafa shi, ga shi kuma ya tafi bai bar sunan da kowa ya amince da shi ba. A Najeriya aka ɗora Alexander Bada, a Porto-Novo jama'a suka bi Benoît Agbaossi. Wani jigo a cocin, Josiah Owodunni, ya kai ƙara, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙolin Najeriya, wadda a 2000 ta ce naɗin Bada bai bi tsarin mulkin cocin ba. Bada ya rasu a Satumban shekarar. Daga nan kujera ɗaya ta samu masu da'awa da yawa, ciki har da ɗan Oshoffa, Emmanuel. Shekara arba'in bayan rasuwar mai gidan, a 2025, sai da shugaban ƙasa Patrice Talon ya shiga tsakani don a nemi haɗa kan ɓangarorin.

Yanzu mai karatu ya ɗauki wannan labari duka ya zuba shi cikin Hausar labaranmu: "limaman wani coci suna rikicin shugabanci." Me ya rage? Mai sauraro zai ce kwaɗayin kujera ne da kuɗin baiko, ya wuce. Ban ce babu kwaɗayi a ciki ba, ɗan Adam ne. Amma gindin rigimar tambaya ce ta gaske: idan Ruhu ne ke zaɓe, wa zai tabbatar cewa ya yi magana, alƙali ko mai wahayi? Fassarar da ta ɓatar da wannan tambaya ta rage wa mutanen daraja, ta kuma rage wa mai sauraro ilimi.

Akwai inda sakacin ya fi haka haɗari. A Baname, cikin jihar Zu, wani fadan Katolika mai suna Mathias Vigan ya bi wata matashiya da ake kira Parfaite, wadda ta yi da'awar allantaka, aka naɗa shi "Fafaroma Kiristof na 18". A 2013 hukumar Katolika ta Abome ta sanar da korar su biyun. Wanda ya ba da wannan labari da cewa "wani limamin Katolika ya zama Fafaroma a Benin", bai faɗi cewa silsilar da ta naɗa shi fada ta yanke shi ba, ya jingina wa Katolikan Malanbil abin da ba su ji ba ba su gani ba. A garin da Kiristoci 'yan tsiraru ne, kalma irin wannan ba ta tsaya a rediyo, tana biyo mutum har kasuwa.

Ni kaina na taɓa faɗawa ramin. Wata shekara aka samu saɓani a unguwarmu kan lasifikar wata ƙaramar majami'a da ke kai dare. Aka wakilta mu biyu mu je mu ga "babban limaminsu". Muka wanke ƙafa muka tafi gidan fada. Ya karɓe mu, ya ba mu ruwa, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam, da ina da iko da shi da na yi magana. Amma ba ni na naɗa shi ba, ba bishop ɗina ba ne ya naɗa shi. Ku nemi dattawan majami'arsa." Muka nemi dattawan, magana ta mutu a zama ɗaya. Mako guda muka ɓata muna zargin mutane da taurin kai, ashe ƙofar da muka ƙwanƙwasa ce ba ta gidan ba.

Akwai kuma kalmar "manzanni". Tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 Kiristocin Hausa sun saba da ita a ma'anar waɗanda Yesu ya aika. Amma Musulmi idan ya ji "magajin manzanni", zuciyarsa ga Manzannin Allah take tafiya, sai ya ɗauka bishop yana da'awar gadon annabci. Kalmar da ya sani ga waɗannan mutane ita ce Hawariyawa. Marubucin da ke magana da jama'a gauraye ya kamata ya ajiye kalmomin biyu kusa da juna sau ɗaya, kowa ya gane wa ake nufi.

Za a ce mini mai labarai minti uku gare shi, ba zai buɗe makaranta ba. Gaskiya ne. Za a kuma ce "limamin coci" ta riga ta zauna, kowa na gane ta. A nan ne ban yarda ba: ana gane cewa mutumin na addini ne, ba a gane komai bayan haka. Gyaran kuwa ba ya cin lokaci. Hausawa Kiristoci na Wusasa da Kano da Maraɗi sun daɗe suna cewa fada, fasto, bishop, dattijo, mai bishara, katikis. Kalmomin na nan a bakin masu su, mu ne ba mu tambaya ba. "Shugaban ɗarikar Katolika" bai fi "shugaban Kiristocin duniya" tsawo ba, kuma shi ne daidai, domin Otodoks da Angilika da 'yan bishara ba sa ƙarƙashinsa. Angilika ma suna da tasu silsilar, wadda ta bi ta kan Samuel Ajayi Crowther da aka naɗa bishop a 1864, ko da yake Fafaroma Liyo na 13 ya ce a 1896 Roma ba ta amince da naɗinsu ba.

Wani kason laifin kuma na marubuta Kiristoci ne masu jin Hausa. Mafi yawan abin da na ci karo da shi daga alƙalaminsu wa'azi ne da waƙoƙin sujada, na cikin gida. Bayani mai sauƙi don maƙwabci, wanda zai ce ga yadda muke naɗa shugaba, ga inda muka saɓa da juna, shi ne ya yi ƙaranci. Wanda bai faɗi sunansa ba, duk sunan da aka kira shi da shi sai ya amsa.

Ba aikina ba ne in ce wace hanya ce ta gaskiya cikin ukun. Masu ita sun fi ƙarni suna muhawara. Abin da na gani dai kowace da inda take ciwo. Silsila tana hana kujera zama babu kowa, amma ba ta lamunce halin wanda ya hau. Ƙuri'a tana ba jama'a baki, tana kuma shigo da kamfe cikin ɗakin ibada. Wahayi yana tara dubbai cikin ƙanƙanin lokaci, ya bar su a tsaye ranar jana'iza. Mai sauraron Hausa ya san irin waɗannan ciwuka daga gidan sarauta da zawiya da ƙungiya, saboda haka zai fahimta idan aka faɗa masa yadda abin yake.

Ranar 8 ga Mayu 2025 kadinal 133 suka zaɓi Robert Prevost, ya ɗauki sunan Liyo na 14. Washegari mai albasa ya iso teburin shayi, ya dubi bakanike ya ce: "Na ji an yi sabon na Katolika. Ku naku fa, an daidaita?" Bakaniken ya ce: "Ana kai, Baba. A sa mu a addu'a." Dattijon ya gyara tambayarsa cikin kwana goma sha takwas. Mu masu alƙalami da makirufo, me ya hana mu gyara tamu?